Malam Tankari, wanda ya koya mini tsoron hasken walda

Ina cikin aji ranar Talata da hantsi, ina rubuta aikin lissafi a allo, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ba na ɗaukar waya a gaban ɗalibai, amma da na ga sunan Mamman, babban ɗan Malam Tankari, sai na fita bakin ƙofa. Bai ko yi sallama ba. Ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a nan, ya ce, "Mushe Sani, Baba ya rasu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ya kamata ya fara fita daga bakina, amma ba shi ya fita ba. Abin da na ji kaina na faɗa shi ne, "Wuta ce?"

Ya ce, "A'a, ba wuta ba ce. Ya dawo daga masallaci, ya zauna, ya ce ƙirjinsa na ciwo. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa."

Na jingina da bango. Wanda bai san tsakanina da marigayi ba zai yi mamakin wannan tambaya tawa. Shi ya sa nake son in rubuta abin da na sani game da shi, har da abin da ni kaina nake jin kunyar faɗa.

Na zo Dogon Dutsi baƙo, an turo ni daga gabas in koyar da lissafi a kwaleji. Malam Tankari shi ke koyar da kimiyya, ya girme ni da shekara goma sha biyar, mutumin wani ƙauye ne kusa da Kiéché. Shi ya samo mini gidan da na zauna, shi ya nuna mini inda ake sayen gero mai kyau. Tun ranar farko ƙanena yake ce mini, ni kuma Malam nake ce masa.

Walda ba sana'arsa ba ce. Abin sha'awarsa ne, na ranar Asabar. Yana da ƙaramin inji a wata rumfa bayan gidansa, inda yake gyara ƙafar amalanken jaki, da galma, da kujerun makaranta da suka karye. Mutanen garin Ɗan Kassari da na ƙauyensu sun san ranar, suna zuwa da kayansu, kuma ban taɓa ganin ya miƙa hannu ya karɓi wani abu ba. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne shigarsa. A tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman abin da zai tuɓe, shi sai ya sa riga mai kauri ta auduga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓallin wuya, ya ɗaura warkin fata, ya zura safar hannu ta fata har gwiwar hannu, ya sa takalmi rufaffe ya sauko da ƙafar wando a kansa. Sannan ya ɗauko murfin fuska mai baƙin gilashi. Masu walda na bakin hanya, waɗanda ke aiki da singileti da baƙin tabarau, suna yi masa ba'a, suna cewa Malam zai tafi yaƙi. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ni tsoro nike ji. Ranar da na daina jin tsoro, ranar zan saida injin."

Ya kewaye rumfar da tsofaffin kwanon rufi, ya shafa musu baƙin fenti ta ciki, don kada hasken ya kai idon matan da ke wucewa zuwa famfo. Kafin ya ɗora sandar walda a ƙarfe sai ya ɗaga murya ya ce, "Ido!" ko da babu kowa a wurin sai akuyarsa. In ya gama haɗa ƙarfe ya ajiye, sai ya zaro alli daga aljihu ya rubuta "zafi" a jikinsa, domin ya ce ƙarfe mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya ga ido.

Na fara zuwa kallo, daga baya na ce ya koya mini. Ya yi wata guda bai bar ni na taɓa injin ba. Magana kawai yake yi. Ya ce hasken nan ba haske kaɗai ba ne, akwai wani abu a cikinsa da ba a gani, irin na rana amma ya fi shi ƙarfi nesa, yana ƙona fata yana ƙona bayan ƙwayar ido. Ya ce baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare shi. Ya ce rigar leda, irin rigar ƙwallo, in tartsatsi ya faɗa mata ba ci take yi ba, narkewa take yi ta manne da jiki. Akwai maganar da ya fi maimaitawa: "Wagga wuta ba ta yi maka ciwo sa'ad da take ƙona ka. Sai ka koma gida ka zauna."

Na ji duka. Na haddace, kamar yadda ɗalibi ke haddace darasi don jarrabawa. Bayan wata shida hannuna ya faɗa, har yana yaba ɗinkin da nake wa ƙarfe, ya ba ni mabuɗin rumfar. Daga nan girman kai ya shige ni.

Matata Rabi mai ɗinki ce, tana kuma yin surfani da hannu, aikin da ke bukatar ido sosai. Ɗakin da take aiki yana da zafi, na daɗe ina son in yi mata rumfar ƙarfe a tsakar gida. Wata Asabar, shekara huɗu ke nan, Malam ya tafi Tibiri gaisuwar rasuwa. Na je gidansa da sassafe na ɗauko injin, ban tambaye shi ba. Na ɗauki murfin fuska guda ɗaya. Rigar da warkin da safar na dube su a rataye, na ce aikin awa biyu ne kuma ana zafi, na bar su.

Ƙarfen rumfa dogaye ne, sai da mai riƙewa. Na kira Rabi. Ta ce, "Baban Nana, ba ka ce abin nan na ɓata ido ba?" Na ce, "Ɗigo-ɗigo ne kawai zan yi. In na ce rufe ido, ki rufe." Ni ma da na ga murfin yana hana ni ganin inda zan ɗiga, sai na ajiye shi gefe, ina runtse ido ina ɗigawa. Wani lokaci in ce ta rufe kafin in ɗiga, wani lokaci sandar ta kama kafin in yi magana. Bangon tsakar gidan farin fenti ne, hasken yana dukansa yana dawo mana. Da na zo kankare kashin ƙarfe, wato dattin da walda ke bari, da guduma ma ban sa komai a ido ba. Muka gama kafin azahar. Rumfa ta tsaya tsaf, muka ci abinci muna dariya, ina jin kaina gwani.

Da aka kira la'asar na tashi yin alwala, na ji kamar ƙura ta shiga mini ido. Na wanke, bai fita ba. Kafin in sallame salla hawaye na zuba kamar an buɗe famfo. Ina zaune a kan darduma na ji muryar Rabi daga ɗaki, irin muryar da ban taɓa jin ta yi ba: "Baban Nana! Idona! Ba ya buɗuwa!"

Ban san yadda zan kwatanta wannan ciwo ga wanda bai ɗanɗana ba. Kamar an soya yashi an cika maka ido da shi, an kuma ce kada ka taɓa. In na yi ƙoƙarin ɗaga fatar idon, hasken rana ya soke ni har cikin ƙwaƙwalwa, idon ya rufe da kansa. Na lallaba bango na shiga ɗaki, na taka kwano, na yi tuntuɓe da keken ɗinki. Na laluba na kama hannun Rabi, ta yi ƙara, ashe fatar hannun ma ta ƙone, da wuyanta, da gefen fuskarta. Tana cewa, "Na makance. Wayyo Allah, na makance." Ni ma abin da zuciyata ke faɗa mini ke nan. Na tuna allo, na tuna Alƙur'anina, na tuna allurarta da zarenta. Na tuna cewa ni na kira ta.

Kukanmu ya jawo maƙwabciyarmu, Inna Dije, tsohuwa mai kirki wadda ta riƙe mu kamar ƴaƴanta. Da ta ga mutum biyu lafiyayyu sun rasa ido lokaci guda, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ta ratsa gidan. Ta aika a ɗebo garwashi don turare, ta ce kafin nan bari ta matsa mana ruwan albasa, in bai yi ba a sa kwalli. Wallahi da na yarda. A wannan hali ko me aka ce in sa, zan sa. Ina jin ƙamshin albasar tana yankawa sai na ji tsayuwar babur a ƙofar gida.

Malam Tankari ne. Daga baya matarsa, Inna Haule, ta ba ni labari. Ya dawo daga Tibiri, ta ce masa na ɗauki injin, ya leƙa rumfa ya ga riga da safa da murfi na biyu a rataye. Ko ruwan da ta miƙa masa bai sha ba, ya sake hawa babur.

Bai yi sallama ba sai da ya shigo tsakiyar ɗaki. Ya ce, "Mi kuka sa a idon?"

Inna Dije ta ce, "Ba mu kai ga sawa ba, Malam."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, ki yi haƙuri, ki aje albasar nan. Na san abin da ya same su, ni ma ya taɓa samuna. Ki taimake ni da ruwan randa da tsumma mai tsabta." Ya rufe taga, ya sauke labule. Ya jiƙa tsumma ya ɗora mana a kan ido, ya kama hannuna da ke ƙoƙarin murzawa ya danne shi a kan gwiwata. Ya ce wa Rabi, "Ɗiyata, ki natsu. Mafi yawa wanga ciwo kwana biyu ne zuwa uku, shina warkewa da iznin Allah. Amma kada ki murza, kuma sai likita ya duba."

Duk wannan lokaci ƴarmu Nana, mai wata takwas, tana kan gado tana tsala kuka. Mun ɗauka kukanmu ne ya firgita ta. Da Malam ya sake magana muryarsa ta canza.

"Ina yarinyar nan take sa'ad da kuke aikin?"

Na ji numfashin Rabi ya tsaya. Can ta ce, a hankali, "Tana bayana, Baba. Ta ƙi kwanciya, na goya ta."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ƴata tana kuka taku biyu daga inda nake, ban san ko kukan yunwa ba ne ko na ido, kuma daga ni har uwarta babu mai iya buɗe ido ya dube ta. Rabi ta fara salati da ƙarfi. Ni kuwa ko addu'a na kasa haɗawa.

Na ji ya ɗauke ta. Na ji takunsa zuwa bakin ƙofa, na ji ya ɗaga labule. Yana yi mata wasa da baki, yana kiran sunanta. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. A wurina ya fi shekara. Sannan ya ce, "Ta buɗe ido cikin haske, tana kallona. Babu ja. Ga ta tana jan gemuna." Rabi ta ce ta tuna, ta lulluɓe mata kai da mayafi saboda rana, kuma barci ta yi. Ya ce, "To, Allah ya tsare. Amma da ita za mu tahi, a duba ta ita ma."

Ya samo motar wani ɗan kasuwa a layinmu. Shi ya riƙe hannuna ya sa ni a mota, Inna Dije ta riƙe Rabi, Nana tana kafaɗarsa. A asibiti likita ya fara duba yarinyar ya ce lafiyarta lau. Ya ɗiga mana magani, ya haska idanunmu ɗaya bayan ɗaya. Na Rabi ƙunar haske ce kawai. Nawa na dama ya sami ɗan ƙaramin ɓarɓashin ƙarfe a manne, wanda ya shiga lokacin da nake kankara. Ya cire shi, ya ce da na yi ta murzawa, ko da an tura mini wani abu a ciki, da labarin ya zama wani. Ya ba mu man ido da na shafawa a fata, ya ce mu zauna a ɗaki mai duhu, mu koma bayan kwana biyu.

Kwana biyun nan Inna Haule ce ke kawo mana abinci. Ranar Litinin Malam ya shiga ajina ya koyar da darasina a kan nasa, bai gaya wa kowa a makaranta dalili ba, ya ce ciwon ido ne. Kullum da yamma zai zo ya zauna a bakin ƙofa ya yi mana hirar damina da farashin wake. Ina ta jiran faɗa, bai yi ba. Safiyar Talata Rabi ta buɗe ido ta ga fuskar ƴarta, ta fashe da kuka. Nawa ya ƙara kwana ɗaya. Fatar wuyanta da hannunta ta yi mako biyu tana saɓa.

Sai da ya tabbata mun warke ya kira ni rumfarsa. Ya rufe ƙofa, ya ɓalle maɓallan rigarsa. A ƙirjinsa, daga kafaɗa zuwa haƙarƙari, akwai tabo mai faɗin tafin hannu biyu, fatar ta tattare tana sheƙi. Shekara da shekaru muna tare ban san da shi ba. Ya ce yana saurayi ya yi walda da rigar leda, ta narke a jikinsa, ya yi wata uku a kwance. Ya mayar da maɓallan, sannan ya dube ni.

"Ƙanena, injin da ka ɗauka ban ji haushi ba. Idonka ma naka ne, kai ka zaɓi ka yi wasa da shi. Amma Rabi ba ta zaɓa ba. Yarda ta yi da kai. Nana kuwa ko tambayarta ba a yi ba."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba. Ni kuwa na durƙusa a wurin na yi kuka.

Na rantse ba zan sake taɓa walda ba. Ko ta gaban masu walda na bi a kan babur, in hasken ya walƙa sai gabana ya faɗi, in kau da kai har in kusa faɗawa rami. Ya bar ni wata biyu. Wata Asabar ya aiko a kira ni, na tarar ya ɗinka mini riga irin tasa, ya sayo safa da farin tabarau na kankare ƙarfe. Ya tsaya a kaina na sa su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mini wuyan rigar da hannunsa. Na ɗauki sandar walda. Na ce, "Malam, tsoro nake ji." Ya ce, "Madalla. Yanzu ka zama abokin aiki. Ce ido, ka fara."

Ba ni kaɗai ya yi wa irin wannan ba, amma sai a wurin zaman makoki na san yawansu. Wani manomi daga Ɗan Kassari ya ce ya taɓa kawo masa tsohuwar gangar fetur a yanka masa ita don shayar da dabbobi, Malam ya ƙi, ya ce tururin da ke ciki zai iya tashi da su duka. Ya tafi yana fushi. Mako na zagayowa Malam ya aika masa da kwamin da ya ƙera masa da sabon ƙarfe. Biyu daga cikin masu waldar bakin hanya, waɗanda suka fi kowa yi masa ba'a, suna cikin masu ɗaukar makara. Ɗayansu ya ce mini duk sa'ad da Malam ya je Dosso sai ya sayo baƙin gilashin murfi ya bi su shago-shago yana rabawa, in sun ce ba sa so ya ajiye a kan teburi ya tafi.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Asabar ne, kwana uku kafin rasuwarsa. Muna gyara ƙofar wata makarantar allo. Na lura yana yawan zama yana hutawa, na ce ko mu bari. Ya ce gajiya ce. Da muka gama ya bi ƙasan rumfar da buta yana yayyafa ruwa, kamar yadda ya saba, don kada wani tartsatsi ya ɓuya a cikin shara. Ya raka ni bakin hanya ya ce in gaida ɗiyarsa da jikarsa, wato Rabi da Nana. Da na san ita ce ta ƙarshe, da na tsaya na gaya masa abin da na rubuta a nan. Ban taɓa yi masa godiya yadda ya kamata ba. Kunya ta hana ni.

Yanzu ina jin wani tsoro dabam. Na san halina, na san yadda gaggawa ke rinjayata, kuma wanda ke hango kuskurena tun kafin in san na yi shi yana ƙarƙashin ƙasa. Ina roƙon duk mai taɓa wannan aiki don sha'awa, ko a tsakar gidansa ne, ko na minti biyar ne, ya rufe fuskarsa da jikinsa, ya kuma waiwaya ya ga wa ke tsaye kusa da shi kafin ya kunna.

Ya Allah, bawanka Tankari ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba Inna Haule haƙuri, ka zama gatan Mamman da ƙannensa, ka haɗa kansu, ka albarkaci abin da ya bari. Ya Ubangiji, mun shaida ya ji tsoron ƙaramar wutar duniya, ya kare idanun bayinka da fatarsu daga gare ta, bai nemi ladan kowa ba. Ka haramta wa wutar lahira jikinsa, ka sa idanunsa su ga Aljanna. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.